Yadda Na-Sani Ya Rage Ƙarar Lamba Tara

A ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa da ke bayan tasha an yi wani mai fenti wanda ba a taɓa kama shi da laifin rashin sani ba. Aikinsa shi ne rubuta lamba a jikin taragu da shafe ƙofofi, amma in ana maganar birki yana da ra'ayi, in ana ta wayar lantarki yana da gyara, in likita ya zo duba ma'aikata shi ke yi wa likitan bayanin hawan jini. Kafin mutum ya kai tsakiyar zance ya riga ya ce, "Ai na sani." Da haka sunansa ya ɓace, har yayarsa da suka fito ciki ɗaya Na-Sani take kiransa.

Yayar tasa tana auren direban kan jirgi mai lamba tara, wani dattijo marar yawan magana da ake kira Baban Biyu. Shekara goma sha tara ke nan yana jan wannan kai, saura masa wata bakwai ya yi ritaya, kuma burinsa ɗaya ne: ranar ƙarshe ta same shi a kan kujerarsa, hannunsa a kan birki.

Abin da ya nemi shiga tsakaninsa da wannan buri fanka ce. Tana ɓoye a rufin ɗakin direba, tana turo iska ta cikin bututu zuwa wata raga da ke saman kujera. A 'yan watannin nan ta koyi wani kuka kamar ana niƙa tsakuwa, har likita ya rubuta cewa kunnen Baban Biyu na hagu ya fara ja da baya. Sai ga takarda daga hedkwata: ranar Alhamis Sufeto za ta zo da na'urar awo. In allurar ta haye jan layi, za a ajiye kan jirgin sai an kawo sabuwar fanka, direbansa kuma a mai da shi ofishin kayan tsintuwa, inda ake tara laima da takalmi wari guda. Makaniken da ya san cikin fankar kuwa yana kwance a asibiti da karyayyar ƙafa.

Ran Litinin da safe Heluma, shugaban ma'aikatan rumfa, ya tara su ya karanta takardar.

"An ce a rage ƙara kafin Alhamis," in ji shi. "Wa ya san fanka?"

Kowa ya sami abin kallo a kan takalminsa. Na-Sani ya ajiye gwangwanin fenti, ya goge hannu a wando.

"Heluma, har wannan ya isa a tara mutane? Ƙara ai iska ce da ta rasa tarbiyya. Ka ba ni kwana uku, in mai da ɗakin nan yadda direba zai riƙa jin atishawar fasinjan tarago na ƙarshe."

Mai Walda, wanda shekarunsa a rumfar suka fi na kowa, ya ɗaga gilashin fuskarsa. "Kai ne fa ka rubuta shida a kife, tarago ya yi mako biyu a garin da ba nasa ba."

"Ba a kife na rubuta ba. Daga sama na tsaya."

"Heluma," in ji Baban Biyu a hankali, "a bar min fankata da kukanta. Ko da kurman kunne ɗaya zan kai jirgi."

Amma Heluma mutum ne mai son duk wanda ya miƙa wuyansa ya ɗauki laifi tun kafin a aikata. Ya zura hannu a aljihu ya ba Na-Sani mabuɗi.

Da Baban Biyu ya koma gida cin abincin rana ya kai kuka wurin matarsa, sai ya tarar an riga shi.

"Haba Baban Biyu," ta ce, "ƙanina ne fa. Yaron nan tun yana ƙarami yake kwance rediyo."

"Ya taɓa mayar da ko guda?"

"Ba a taɓa ba shi lokaci ba ne."

"Katifar ɗakin baƙi fa, ina ta tafi? Na ga gado tsirara."

"Ya ce aro ne, na aikinka."

Aron ya isa ma'aikata a yanke gunduwa-gunduwa. Na-Sani ya hau tsani ya cusa soson cikin bututun iska da sandar tsintsiya, yana yi wa masu kallo karatu cewa soso yana shan ƙara kamar yadda yake shan ruwa, abin da manyan injiniyoyi suka kasa ganewa saboda girman kai. Da la'asar ya gayyaci Heluma da Baban Biyu cikin ɗakin, ya danna makunni da ɗan yatsa ɗaya.

Fankar ta yi wani gurnani can ƙasa-ƙasa. Na-Sani ya ɗaga yatsa sama. "Kun ji? Ta fara jin kunya."

Bai rufe baki ba bututun ya yi tari, ragar ta ɓalle, ɓarɓashin soso ya yi ta kwarara kamar an fasa matashi. Gemun Baban Biyu ya koma rawaya. Heluma, da yake ya buɗe baki zai yi yabo, ya haɗiye rabonsa.

"Wannan shi ne mataki na farko," in ji Na-Sani yana kakkaɓe kafaɗa. "Wankin bututu ake ce masa. Kun ga dattin da ya fito?"

"Na gani," in ji Mai Walda daga ƙofa. "Dattin ma har da zanen furanni, irin na katifar gidan yayarka."

Ran Talata ya zo da zarto da sabon ilimi. Ya ce ya ƙirga fukafukan fankar ya tarar biyar ne, kowanne da bakinsa, ko a tsakar gida kuwa mutum biyar ba sa haɗuwa a ji shiru. Ya yanke biyu, kuma don kada ya wahalar da hannunsa ya zaɓi biyun da ke maƙwabtaka da juna.

Da aka kunna, ɗakin duka ya kama rawa. Kofin shayin Baban Biyu ya tashi daga inda aka ajiye shi, ya yi tafiya a kan teburi a nutse kamar mai zuwa gaisuwa, ya isa baki ya faɗa ƙasa. Madubi ya juya ya kalli rufi. Heluma ya yi ƙoƙarin cewa a kashe, amma maganar ta fito a gutsure, ba wanda ya tattara ta sai a karo na uku. Matar da ke sayar da shayi a bakin ƙofar ma'aikata ta bar tukunyarta ta shigo tambaya ko rushe rumfar aka fara, don ta kwashe bencinta tun da wuri.

"Uwar ɗaki, koma ki zauna," in ji Na-Sani. "Ƙarar ba ta ƙaru ba. Murya ta sauya."

"To a gaishe ta," ta ce. "Da tana kuka, yanzu ta iya buga ƙofa."

Baban Biyu ya nemi takarda ya rubuta koke layi huɗu, ya nufi akwatin da ke jikin bangon ofis inda ma'aikata ke jefa ƙararsu. Ya tarar an kafe bakin akwatin da ƙusa shida, an shafe shi da fenti mai launin bango, da kyar ma ya gane wurin. Fentin bai bushe ba. Ya tsaya yana kallon yatsunsa, sannan ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Ran Laraba da safe Na-Sani ya sanar cewa ya gano tushen abin. Iska ce ke shigo da ƙara ciki, saboda haka in aka juya ta, ita za ta kwashe ƙarar ta kai waje. Ya sauya wayoyi biyu. Fankar, mai fukafuki uku, ta juya da baya. Ta fara da jadawalin tafiya da ke manne a bango, ta bi da tsumman goge gilashi, sannan ta ɗauke hular Heluma daga kansa ta shige da ita bututu. Aka ji tana taunawa.

Shekara goma sha biyu Heluma yana rumfar nan, ba wanda ya taɓa ganin kansa ba hula. Ma'aikatan da suka taru a ƙofa suka tsaya suna kallon sanƙon, yana sheƙi kamar an shafa masa mai.

"Ashe akwai fitila a rumfar nan," in ji Mai Walda, "muna aiki a duhu."

Heluma ya dafe kai da hannu biyu. "Na-Sani, gobe Alhamis. In allurar nan ta haye layi, ni da kai sai ɗaya ya bar ma'aikatar nan, kuma ni ina da iyali."

"Heluma, duk abin da kuka gani gwaji ne. Aikin na gaske yanzu zan fara. A ba ni wuri."

Ya kori kowa, ya rufe ƙofa. Aka ji motsin almakashi sau biyu, sai warin fenti. Da yamma ta yi, rana ta yi sanyi, ya buɗe ƙofofin ɗakin biyu, ta dama da ta hagu, ya kira su. Ciki ya sha sabon fenti fari. Kusa da makunni ga wani ɗan koren ƙwai na lantarki da ba a san shi da ba. Na-Sani ya danna, ƙwan ya kama, kuma ba a ji komai ba.

Baban Biyu ya karkata kunnensa na dama. "Iskar fa?"

"Yaya, tsaya nan tsakiya ka ji."

Ya tsaya. Iskar yamma ta shigo ta ƙofa ɗaya ta fita ta ɗaya, ta kaɗa masa gefen riga. Dattijon ya lumshe ido. Wata uku rabonsa da jin shiru a ɗakin nan, kuma mai son abu bai cika tambayar ta ina ya shigo ba.

"Na-Sani," ya ce, "na yi maka mummunan zato. Ka yafe ni."

"Ai na sani, Yaya. Ba kai kaɗai ba ne."

A gida kuwa matarsa ta ce ita dama ta faɗa, kuma ta maimaita sau bakwai don kunnen hagu ma ya samu.

Ran Alhamis da tsakar rana aka fito da lamba tara fili, ƙarƙashin rana. Duk ma'aikata ta taru, har masu shara da mai shayi da yayar Na-Sani, wadda ta zo ganin ranar ƙaninta. Sufeto ta iso a kan lokaci, mace 'yar gajera mai tabarau, da jaka a hannu da fuskar da ba ta yin bashin murmushi. Ta tambayi wanda ya yi aikin. Na-Sani ya fito cikin kwat ɗin da ya tanada don ranar ƙarin girma.

"Madalla," ta ce. "Tare za mu shiga. Kai da direba da Heluma. Ƙa'idar awo ita ce inji yana aiki, fanka a kunne, ƙofa da taga a rufe, rabin awa."

"A rufe, ranki ya daɗe?"

"A buɗe kuke tafiya da jirgi?"

Aka rufe. Baban Biyu ya ta da inji, Na-Sani ya danna makunni, koren ƙwai ya kama. Sufeto ta ajiye na'urarta a kan teburi. Allurar ta ɗan motsa ta tsaya nesa da jan layi. Baban Biyu ya sauke ajiyar zuciya. Na-Sani ya ɗaga wa mutanen waje hannu ta gilashi, yayarsa ta mayar masa.

A minti na biyar Heluma ya ɓalle maɓallin wuya. A na takwas warin fenti ya fara hawa kai. A na goma gumi ya gangaro daga sanƙon Heluma, ta ƙarƙashin hular aro, ya ɗiga a kan takalmin Sufeto. Ta dubi ɗigon, ta dubi ragar da ke rufi. Ta buɗe jaka ta ɗauko ɗan guntun zare ta ɗaura a ragar. Zaren ya sauko ya tsaya cak.

"Me ya sa bai motsa ba?"

"Ranki ya daɗe, iskar zamani ce. Zagaye abu take yi, ba ta ture shi."

"Mu ma zagaye mu take yi?"

"Sai jiki ya saba."

Ta sunkuya tana rubutu. Na-Sani ya miƙa wuya a hankali, ya tattara leɓe ya hura. Zaren ya kaɗa.

"Ga shi nan, ranki ya daɗe, ya fara."

"Na gani," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Iskar da ke fitowa daga sama tana kaɗa zare daga gefe, kuma tana warin albasa. Ci gaba. Saura minti goma sha takwas."

"In ci gaba da me?"

"Da aikin fanka. Ba kai ka gyara ta ba? Direba na bukatar iska. Ka hura wajensa."

Baban Biyu ya juyo ya dubi ƙanin matarsa. Ba wanda ya taɓa ganin irin wannan kallo a fuskarsa. Na-Sani ya ga babu hanyar fita sai ta gaban mutumin, saboda haka ya cika kumatu ya hura.

Mutanen waje ba sa jin abin da ake faɗa, amma gilashin gaba babba ne. Sun ga Heluma manne da bango, bayan rigarsa ya kama ɗanyen fenti, yana son matsawa ya kasa. Sun ga Sufeto tana duba agogo. Sun ga Na-Sani cikin kwat, kumatu kumbure, yana hura wa mijin yayarsa iska a kunne kamar mai fifita wa jariri kunu.

"Me yake yi haka?" in ji yayarsa.

"Mataki na ƙarshe ne," in ji Mai Walda. "Ya cire fanka ya sa kansa. Sai dai a riƙa ba shi mai."

A minti na ashirin da biyu idon Na-Sani ya juya. Ya miƙa hannu neman abin dafawa, hannun ya sami sandar ham, ya bi ta da dukan nauyinsa. Ham ɗin lamba tara ya tsage fili. Tantabarun rufin rumfa suka watse, mai shayi ta saki faranti, allurar na'ura ta haye jan layi ta bugi bango ta lanƙwashe. Sai da Baban Biyu ya ɗaga shi ta wuyan kwat sannan aka sami shiru.

Aka fito da shi aka kwantar a inuwar tarago, aka juye masa bokitin ruwa. Aka ɓanɓare Heluma daga bango, rabin rigarsa ya zauna a can. Sufeto ta sa Mai Walda ya kwance murfin rufi a gaban kowa. Wayar fankar a yanke take, an karkatar da ita zuwa koren ƙwai. Aka sauko da fankar: fukafuki uku, ɓarɓashin soso, da abin da ya rage na hula.

Sufeto ta juya ta, ta sa yatsa a ƙarƙashin ɗaya daga ƙafafun fankar, ta ciro wata 'yar roba da ta cinye, ta taɓa wani noti ya juya da kansa.

"Ga ciwon nata duka," ta ce. "Roba ɗaya da noti ɗaya, aikin minti goma. Yanzu kuwa ba abin gyarawa, sai sabuwa."

"Yaushe za ta iso, ranki ya daɗe?" in ji Baban Biyu.

"Wata takwas, in an yi sauri."

Dattijon kuwa ya san watanninsa bakwai ne suka rage.

Na-Sani ya tashi zaune, ruwa na zuba daga kwat. Ko a wannan hali bakinsa bai suma ba.

"Ranki ya daɗe, a duba takarda. Cewa ta yi a rage ƙara, ba ta ce wace ƙara ba. Heluma, tsakaninka da Allah, tun ran Litinin ƙara nawa ma'aikata suka kawo ofis?"

"Ko ɗaya," in ji Heluma kafin ya yi tunani.

"Kin ji ko."

"Akwatin a kafe yake da ƙusa shida," in ji Baban Biyu. Ya ciro ninkakkiyar takardarsa daga aljihu ya miƙa mata. Mai Walda ma ya ciro tasa. Mai shayi ta ce ita ba ta iya rubutu ba, amma a sa sunanta a ƙasan ta kowa.

Sufeto ta jera takardun ta sa a jaka tare da na'urarta mai lanƙwasasshiyar allura.

"An ce ka rage ƙara, ka ƙara mata," ta ce wa Na-Sani. "Ga kuma tawa, wadda zan kai hedkwata da hannuna, ba ta akwati ba."

Yayar Na-Sani ta buɗe baki za ta ce ba a ba shi lokaci ba, ta dubi mijinta, ta mai da maganar ciki.

Kafin la'asar aka ja lamba tara zuwa layin ƙarshe, inda dogo ya ƙare a jikin katanga, aka sa wa ƙafafunsa katako. Washegari Baban Biyu ya karɓi mabuɗin ofishin kayan tsintuwa. Tagar ofishin tana kallon wannan layi, ya sa aka juya masa teburi ya fuskanci bango.

Na-Sani kuwa an karɓe masa tsani da zarto da duk abin da ke da baki, an bar masa burushi. Bayan mako biyu aka kawo sababbin ma'aikata huɗu, aka rasa mai zagayawa da su, ya ce shi ya san ko'ina. Ya kai su har layin ƙarshe, ya tsayar da su a gindin lamba tara, inda ciyawa ta fara leƙowa tsakanin ƙafafu.

"Ku yi shiru," ya ce. "Ku kasa kunne sosai. Kun ji wani abu?"

Suka kasa kunne, suka girgiza kai.

"Kwana uku kacal na yi a kansa."